Ƙafar Atiku Da-Sauƙi

Atiku taubashina ne, ɗan goggona, bawana ke nan a wasan taubashi, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. A Gwandu in ka ce Atiku kawai sai a tambaye ka wanne. In ka ce Atiku Da-Sauƙi kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka zaurensa. Labarin ƙafarsa ta hagu zan ba ku, amma ba za ku gane yadda ƙafar ta shiga uku ba sai kun san yadda mai ita ya yi aikinsa na nas.

Tun muna firamare Allah ya hore masa rubutu. Ban ce ilimi ba, rubutu na ce. Haruffansa a jere suke kamar shukar da aka ja wa igiya. Da wannan baiwar ya gama makarantar koyon jinya, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Kambaza, can ya zauna har furfura ta fito masa. Farar rigarsa kullum a goge, biro ja da shuɗi a aljihu, turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ga yadda yake duba marasa lafiya. Zai tsaya a bakin ƙofar ɗakin maza, hannu a baya, ya ɗaga murya: "Baffa, yaya jiki?" To, jama'a, wa ya taɓa jin an gaida mutumin ƙasar nan da jiki ya ce ya yi tsanani? Balle makiyayi, wanda ya gwammace ya mutu da a ji nishinsa a gaban mutane. Sai tsoho ya tattaro sauran numfashinsa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Shi ke nan, an gama awo. Atiku ya koma teburinsa ya rubuta a kati, da Turancinsa mai kyau, cewa majiyyaci na samun sauƙi. Zafin jikin kowa talatin da bakwai ne, daga mai masassara har mai karaya. Ma'aunin zafin yana cikin kwalinsa, sabo fil, ina jin har ya yi ritaya bai san ɗumin hammata ba.

Ranar da zai leƙa gonarsa ta shinkafa kuwa, tun da safe yake cike katin har na magariba, don kada aiki ya taru. Na ga wannan da idona lokacin da nake jinyar ƙanwata a ɗakin mata. An kwantar da wani dattijo daga Ceberu, Baffa Ashiru, rai ya yi halinsa da hantsi. Amma a katinsa ya sha kunu da la'asar, ya haɗiyi magani da magariba, kuma yana samun sauƙi. Atiku ya dawo daga fadama ya tarar har an kai shi makwanci. Sai ya zaro reza daga aljihu ya zauna yana kankare takarda a hankali, yana hure ƙurar.

Na ce, "Bawana, wanga mamaci ai ya fi ni cin abinci."

Ya ce, "Larai, ke mi kika sani ga aikin asibiti? Takarda ake dubawa, ba mutum ba."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Masu zuwa duba aiki takarda suke dubawa. Akwai wata nas da suka yi zama tare, ita sai ta taɓa mutum take rubutawa, ta sa lokaci, ta sa hannu, in ta yi kuskure ta ja layi ɗaya a kai ta gyara a gefe. Katinta suka ɗaga suka ce ƙazanta ce. Na Atiku kuwa suka riƙa miƙa wa juna suna jinjina kai. Daga nan aka fara turo masa ɗalibai su koyi ajiye bayanai.

A cikin ɗaliban ba wadda ta kai Mubaraka, wata yarinyar Kalgo mai ladabi. Ita har hannunsa ta kwaikwaya, in ka ajiye katinta kusa da nasa ba ka bambancewa. Yana ce mata ɗiyata, tana ce masa Baba. Ya sha yi mana alfahari da ita a zaure, wai ko yau ya mutu ya bar magaji.

Da ya yi ritaya sai ya koma noma gaba ɗaya. Yana da ciwon suga, amma ba ya awo, tunda in ya tambayi kansa yaya jiki ya san amsar. Wata rana bayan girbin dawa kututturen kara ya soke shi a ƙarƙashin babban yatsa. Bai ma ji ba, matarsa Zulai ce ta ga jini a takalmi. Ya wanke, ya ɗaure, ya ce ƙaramin abu ne. Da ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, sai ya ce shi ba zai kwanta a Gwandu yaran da ya girma su riƙa leƙensa ba. A kai shi Kalgo, wani asibitin kuɗi inda Mubaraka ke shugabantar ɗakin maza.

Ta karɓe shi kamar uba. Gado na kusa da taga, zanin gado sabo. Likitan wurin daga Birnin Kebbi yake zuwa, ba kullum ba, kuma in ya zo mutane sun yi masa yawa, fayil yake bi. Wanda fayil ya ce yana jin jiki, shi ake kwance wa bandeji. Wanda fayil ya ce yana samun sauƙi, a ci gaba da magani.

Su kuma surukansa na Dodoru, dangin Zulai, suka yi sansani a gefen gadon. Wannan ya tafi, wancan ya zo da ƙwaryar fura. Da safe Mubaraka za ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗan rusuna: "Baba, yaya jiki?" Atiku ya dubi yayan matarsa, ya dubi kawun matarsa, ya gyara hula. Namiji, Bafulatanin Gwandu, tsohon ma'aikacin lafiya, ya yi raki a gaban surukai? "Da sauƙi, ɗiyata." Ta koma tebur ta rubuta.

Ƙananan nas ne ke wanke ciwon, yau wannan gobe waccan. Kowacce ta ga yatsan yana duhu, kowacce ta ɗauka ta jiya ta faɗa. Ba mai rubutawa, don katin Baba babbar nas ce kaɗai ke cikewa, girmamawa ce.

Ni hanci ne ya gaya mini. Na shiga gaishe shi na ji wani wari yana tashi ta ƙarƙashin turarensa. Wallahi tsoro na ji, don duk tsiyar da nake masa, tare aka yaye mu. Na ce, "Atiku, ƙafar nan ruɓewa take yi." Ya zare mini ido ya ce in kama bakina, ba a wasan taubashi a gaban surukai. Na fita na sami Mubaraka. Ta buɗe fayil ta juyo mini shi da murmushi: "Inna Larai, kwantar da hankalinki. Duba nan, kullum ci gaba ake samu." Na duba. Ban iya Turanci sosai ba, amma na gane rubutun, sak na Atiku. Da likita ya zo na tare shi a baranda, ya ce zai duba. Ya duba fayil ɗin kuwa, ya ce madalla, a ci gaba da magani.

Ranar da asiri ya tonu, da rana tsaka ne. Zazzaɓi ya rufe shi, yana karkarwa yana kiran goggona da ta daɗe da rasuwa. Kunyar surukai ta ƙare. Aka sa shi a mota sai Birnin Kebbi, Mubaraka na rungume da fayil a kujerar gaba.

Likitar da ta karɓe mu ba ta gaishe shi da jiki ba. Almakashi ta sa ta yanke bandejin. Zulai ta yi salati ta juya baya. Baƙin ya wuce yatsu, ya haye har idon sawu. Likitar ta buɗe fayil tana juya shafi, tana tambaya. Yaushe yatsan ya fara sauya launi? Ba a rubuta ba. Yaushe ya fara wari? Ba a rubuta ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai suga da awonsa ke tsayawa a lamba ɗaya kullum ba. Sannan ta ce da an turo shi tun yatsan na duhu, yatsa kaɗai za a cire. Yanzu sai dai ƙasan gwiwa.

Ta dubi Mubaraka ta ce, "Wa ya koya miki aiki haka?"

Yarinyar nan ta durƙusa a gefen gadon tana kuka. Ba likitar ta ba amsa ba, Atiku ta duba. Ta ce, "Baba, wallahi yadda ka koya mini na yi. Ban tsallake ko layi ɗaya ba."

A lokacin ruwan da aka ɗaura masa ya fara dawo da shi hayyacinsa. Ya miƙa hannu aka ba shi fayil ɗin. Ya daɗe yana kallo. Ba kankara, ba gyara, haruffa a jere. Ya rufe ya ɗora a ƙirjinsa, a haka aka tura shi ɗakin tiyata.

Yanzu yana zaurensa a Gwandu, sanduna biyu jingine da bango, gonar shinkafa an ba wani aro. Sunan dai bai bar shi ba, mutanen garinmu ba su da wannan tausayin. Bayan an sallamo shi na je da tuwon shinkafa, na tsaya a bakin ƙofa, tsokana na cina. Na ce, "Bawana, yaya jiki?"

Ya buɗe baki, na ga amsar ta zo masa har leɓe. Sai ya haɗiye ta. Ya janye zanin da ya rufe dungulmin da shi ya ce, "Larai, bar tambaya daga ƙofa. Matso ki duba."

Na ajiye kwanon na matsa na duba. Ranar ban samu abin tsokana ba.