Harafin da Ya Rage a Hannun Oga Zed

A garin Sapele, can kudu, in ka tambayi Onoriode, sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Oga Zed kuwa, kowace mai kifi a kasuwar bakin kogi za ta nuna maka rumfarsa ta kwano, inda ya shekara talatin da biyar yana gyaran keken ɗinki. Hannunsa na da kyau, keken da aka fid da rai da shi in ya taɓa sai ya tashi. Amma ba a gyaran keke ya yi suna ba. A sikirabul ya yi, wasan nan da ake jera haruffan Turanci a kan allo, a haɗa kalma a ci maki. Kullum ƙarfe huɗu na yamma ya rufe rumfa, ko da tela na tsaye yana roƙo, ya nufi gindin mangwaron da suke taruwa.

'Yan wasan nan suna da wata ɗabi'a da ni dai har yau take ba ni haushi. Suna haddace kalmomi dubbai, amma ba ruwansu da abin da kalma take nufi. In dai tana cikin littafin da alƙalan wasa suka yarda da shi, shi ke nan. Onoriode ya fi kowa wannan ciwo. In an tambaye shi ma'ana sai ya ce, "Ma'ana maki nawa ce?" Shi kuma a haruffa duka, na ƙarshe ya ɗauka ya rungume. Z guda ɗaya ce tak cikin ƙwayoyi ɗari da ke jaka, makinta goma. Ya cika littattafan rubutu bakwai da kalmomin da suka fara da ita, irin waɗanda ko Bature bai taɓa ji ba. Yana ɗiga wa keke mai yana karanto su ƙasa-ƙasa, har baƙin teloli kan ɗauka addu'a yake yi.

Sai dai yana da aibi ɗaya, kuma duk gindin mangwaro an sani. In Z ta faɗo hannunsa ba ya sakinta. Wuri mai kyau zai buɗe, ya ƙi, wai yana jiran jan gidan da ke ninka maki sau uku. Dokar wasa kuwa ita ce, harafin da aka tashi yana hannunka, makinsa za a cire daga naka.

Edafe, tsohon direban jirgin ruwa kuma abokin karawarsa, kan ce, "Oga Zed, ajiye matar nan taka mana. Ko sadakinta ka biya?"

"Lokacinta bai yi ba."

"Lokacinta zai yi ranar da za mu kai ka makwanci. A aljihu za mu sa maka ita."

Sau tari haka ake tashi, Edafe na dariya, shi kuma yana jujjuya Z a tafin hannu.

Matarsa Omonigho ƙaguwa da busasshen kifi take sayarwa. Mace ce mai baki a kasuwa, a gida kuwa maganarta ƙidayayya. Da can ba haka take ba. Shekara ashirin da takwas da suka wuce suna da ɗa, Tega, ɗan shekara uku. Wata Juma'a yaron ya tashi da zazzaɓi, Onoriode kuma an saka sunansa a gasar sikirabul a birnin Benin, karo na farko a rayuwarsa. Omonigho ta ce masa, "Baban Tega, jikin yaron nan bai yi mini ba." Ya taɓa goshinsa ya ce zazzaɓin damina ne, Lahadi yana nan dawowa. A lokacin babu waya a hannun kowa. Ya dawo ranar Lahadi da yamma, ya zo na uku, rungume da kyautar agogon bango a kwali, ya tarar da kujerun makoki a ƙofar gida. Tun Asabar aka binne yaron.

Ba ta yi masa ihu ba, ba ta kai ƙara wurin danginsa ba. Da mutane suka watse, ta buɗe kwalin, ta nemo ƙusa, ta rataye agogon a falo da hannunta. Daga ranar ba ta sake ambatar Benin ba.

Shi kuwa ya san abin da ya kamata ya ce. Kalma uku ce: ki yafe mini. Ya shirya ta, ya gyara, ya sake gyarawa. Sai dai a ganinsa magana mai nauyi irin wannan ba a faɗinta a tsaye, tana wanke tukunyar banga, miyarsu ta kwakwar manja. Sai an sami ranar da ta dace. Da aka haifi 'yarsu Ufuoma ya ce yau ce, sai ya ga ai ranar farin ciki ce, kada ya ɓata ta. Mutane suka koma kiransu Baban Ufuoma da Maman Ufuoma, sunan Tega ya fita daga bakin kowa. Ranar da Ufuoma ta gama makarantar jinya ya ce yau ce, baƙi suka cika gida. Ranar aurenta ma haka. Shekara ashirin da takwas mutumin nan yana zaune ƙarƙashin agogon yana cin tuwon sitacin rogo na matarsa, maganar tana bakinsa.

Wata Talata da safe yana ɗaure bel ɗin wani keke, sukundireba ta zame daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai ɗago ba. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bayan sati uku aka dawo da shi gida, aka sa masa gado a falo don ɗakin ciki ya yi zafi. Hankalinsa garau. Yana gane kowa, yana jin duk abin da ake faɗa, maganarsa kuma tana nan a shirye cikin kansa. In ya buɗe baki ne abin ke lalacewa. Yarensu na Urhobo ya tafi, Turancin kasuwa ya tafi, sunan matarsa ma ya tafi. Abin da ya rage sai kalmomin littattafan nan bakwai, su ne suke fitowa tsaf kamar ba abin da ya same shi.

A kwance a gadon nan ya daina jiran rana. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Omonigho ta zo tana goge masa fuska da tsumma, ya kama zanenta da hannun hagu, ya tattara duk ƙarfinsa.

"Zarf," ya ce.

"Me ka ce, Baban Ufuoma?"

"Zarf. Zarf."

Ta kira Ufuoma, wadda ta ɗauki hutu ta zo jinya. Ufuoma ta duba a waya. "Mama, wai wani abin ƙarfe ne da ake saka kofin shayi a ciki don kada ya ƙona hannu."

"Shayi yake so ashe. Bawan Allah."

Aka kawo shayi, ta ba shi cokali-cokali. Ya sha, don ba shi da yadda zai ce ba shi ba ne. Washegari ya sake gwadawa, zebu ta fito. Waya ta ce saniya ce mai tozo. Omonigho ta bar kifinta ta tafi mahauta, ta dawo ta yi farfesun nama. Ta sa Ufuoma ta buɗe sabon littafi, duk kalmar da ya faɗa a rubuta, a rubuta ma'anarta a gefe. Kalmomin da ya shekara talatin bai tambayi ma'anarsu ba, yanzu matarsa ce ke bin su ɗaya bayan ɗaya, tana neman mijinta a ciki. Ranar da ya ce zoea, aka ce ɗan tsakon ƙaguwa ne tun yana kamar ƙura a ruwa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Shekara talatin ina sayar da ƙaguwa, kana da sunan 'ya'yanta a baki, ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya so ya yi dariyar tare da ita, sai hawaye suka zubo. Ta ɗauka tari ne ya shaƙe shi, ta ɗago kansa.

Edafe ne ya kawo dabara. Ya zo da allo da jakar haruffa ranar Lahadi bayan coci, ya zube su a faranti. "Baki ya ƙi, hannu ai bai ƙi ba. Oga Zed, rubuta mana abin da ke damunka." Onoriode ya jawo farantin kusa. Ya san maganar, ya san harafin da ta fara da shi, ko dai yana jin ya sani. Ya dubi farantin, haruffan suka zama kamar wake, ba wanda ya bambanta da wani. Hannunsa ya yi ta yawo a kansu, can ya tsaya a kan wadda ya fi sabawa da ita. Ya ɗauki Z, ya laluba ya ƙara biyu, ya jera zax.

Edafe ya tafa. "Kun gani? Kansa na nan daram. Kuma yau ya saki Z da wuri, abin da na shekara talatin ina roƙo." Ufuoma ta duba waya ta ce gatarin masu rufin gida ne. Omonigho ta ɗaga kai tana duba ko kwano na yoyo.

Da baƙi suka tafi, rana ta yi sanyi, suka rage su biyu a falo. Tana zaune a bakin gado tana ɓare agushi a tire. Ya bar baki, tunda baki ya ci amanarsa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna agogon, wanda batirinsa ya mutu tun yana asibiti. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ta, ya sake nuna agogon. Bai sauke hannun ba.

Omonigho ta bi yatsan da kallo. Ta daɗe tana kallon agogon, tiren na cinyarta, har ya fara sa rai. Sai ta ajiye tiren, ta jawo kujera ta hau, ta sauko da shi. Ta goge ƙurar da bakin zanenta, ta ciro batir daga tocila ta saka masa, ta saita lokaci. Ta cire kalandar cocin da ke bangon ƙafar gadonsa, ta rataye agogon a wurin, daidai inda idonsa zai sauka duk sanda ya farka.

"Ga shi nan kusa da kai," ta ce. "Na san yadda kake ji da shi."

Ya buɗe baki. Ta tsaya tana jira, hannunta a kan littafin da suke rubuta ma'anoni.

"Zarf," ya ce.

Ta tashi ta ɗora ruwan shayi.