Ɗigon Tawada a Ƙirjin Maigidana

Maganin da ya warkar da shi ne ya rage masa kwana, ko shi ne ya ƙara masa? Na tambayi likita, na tambayi malamai, kowa ya ba ni amsa, amma in na zauna ni kaɗai sai tambayar ta dawo. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta min.

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kumburi ya fito wa maigidana a wuya. Mai faci ne a bakin titi a Sauka Kahuta, mutumin da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi. Aka yi ta gwaji a nan Minna, daga baya aka tura mu Zariya. Can aka ce ciwon daji ne, har ya sauka ƙirji. Aka yi ta sa masa magani ta jijiya, sannan aka ce za a yi masa gashi da na'ura. Kafin a fara sai da suka ɗiga masa tawada a ƙirji, 'yan ƙananan ɗigo da ba sa goguwa, don a san inda za a saita na'urar. Yakan ce iyayensa ba su yi masa tsaga ba, sai da ya yi furfura asibiti ta yi masa.

Allah ya ba shi lafiya. Muka soya waina muka raba sadaka, shi kuma ya kafa doka a gida: kada wanda ya ƙara kiran sunan ciwon. A ganinsa, abin da Allah ya ɗauke maka, in kana yawan ambatonsa ka raina kyautar ke nan. Muka bi. Ƙananan jikokinmu ba su ma san an yi ba.

Bayan fiye da shekara goma sai numfashi ya fara yi masa wuya. Ɗaga taya ya gagara, ƙafafu suka kumbura. Ni da ilimina na ce sanyi ne, na yi ta ɗura masa citta da kanumfari. Abin da ya fi damunsa shi ne kwanciya. Da ya miƙe sai ya ji kamar an danna shi cikin ruwa. Muka yi ta ƙara matashi har ya koma barci a zaune.

Babban ɗanmu ya kai mu Abuja. Likitan zuciya ya ce wata ƙofa a cikin zuciyar ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya, kuma akwai likitocin da za su zo daga waje da ke iya gyarawa. Ya tambaye shi ko ya taɓa babban ciwo. Maigidana ya ce a'a, sai zazzaɓi. Da likita ya buɗe masa riga zai auna, sai ya tsaya.

"Baba, waɗannan ɗigon fa?"

"Tsohon zance ne, ɗana. An rufe shi."

Likita ya ce ciwon dai bai dawo ba, amma gashin da ya kashe shi ta kan zuciya ya bi, kuma a hankali naman wurin ya yi tauri. Za a iya aikin, sai dai ɗinkin ba lallai ya daɗe kamar na sauran mutane ba, rauni ma zai yi jinkirin warkewa. Wasu masu irin tarihinsa suna samun shekaru masu kyau, wasu ba sa samu, shi ba zai yi alkawari ba.

Ni kuka na fara. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, tiyub ɗin da ya sha wuta yana karɓar faci, amma yakan gaya wa mai babur kada ya yi doguwar tafiya irin ta Zungeru da shi. Abu ɗaya ya tambaya, ko zai iya kwanciya bayan aikin. Likita ya ce yana sa rai. Maigidana ya ce to a yi.

Aka yi. Waɗanda aka yi musu tare duk suka riga mu komawa gida, mu muna jiran rauni ya haɗe. Ranar da muka dawo Minna ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya miƙe sambal, ya yi ta minshari har na fita tsakar gida ina dariya ina share hawaye. Damina biyu ya samu haka. Sannan matashi ya fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, likita ya ce jikin ba zai ɗauki aiki na biyu ba.

Dokarsa ita kaɗai na karya bayan rasuwarsa. Na tara 'ya'ya da jikoki na gaya musu sunan ciwon, na ce duk wanda likita ya tambaya ya faɗi komai, ko da ya warke. Tambayar kuwa tana nan har yau.

Ranar da ya rasu, bayan la'asar ne, yana jingine ina yi masa fifita. Ya dube ni ya ce:

"Uwar yara, janye matasan nan. Bari in kwanta kamar mutane."