Dirowar Da Na Cinye Da Almakashi

A shekarun saba'in ni ne mai haska fim a wata silima kusa da Gwange, saurayi mai ji da kai, ina ganin duk Maiduguri ba mai shaƙatawa sai na kunna majigi. Muna da wani tsohon fim baƙi da fari, wanda a cikinsa wani mutum yake dirowa daga saman gada ya faɗa kan jirgin ƙasa mai gudu, ba igiya, ba dabara. Da an zo wurin sai mahautan Kasuwar Shanu su miƙe suna dukan benci wai a maimaita, ni kuwa in mayar da fim ɗin baya don a tafa mini. Zafin fitila yakan ƙone shi daidai nan, sai in datse da almakashi in liƙe da jan farce. Abin da ya fi ba ni haushi, har inda bai ƙone ba nakan yanka in raba wa abokai su riƙa ɗagawa a rana suna kallo. Maigidana ya sha hana ni, na ɗauke shi tsoho mai mita.

Da kaset ya kashe silima, aka bar mini gwangwanayen fim ɗin. A shekarun casa'in sai ga wani malamin makaranta daga Moduganari, mai tara tsofaffin finafinai. Ya ce ya nema a Kano da Jos bai samu ba, kuma dirowar nan kawai yake son sake gani, don tare da marigayi mahaifinsa ya kalle ta. Na bugi ƙirji na ce nawa lafiya lau yake. Ya aro majigi a cocinsu, ya tara iyalinsa, muka rufe tagogi. Mutumin ya hau gada, ya ware hannuwa, sai kawai ga shi zaune kan jirgi yana gyara hula. Malamin ya roƙa a mayar baya har sau uku. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Godiya ya yi mini, ya rako ni bakin titi.

Na bi abokan nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ajiye ko guntu. Wani ma tambayata ya yi wane fim nake nufi. Har yau abin yana cina. Ina jan kunnen duk wanda aka damƙa wa abin da ba a sake yin irinsa, kada daɗin yabo ya sa ya ɗauka nasa ne. Wancan mutumin na cikin fim ya sayar da ransa a kan dirowa ɗaya, jirgi bai kashe shi ba, ni na gama da shi saboda tafi.