Turancin Sakaina

Ni na koya wa kawuna Turanci, kuma har gobe ina alfahari da wannan, duk da sai da muka yi faɗa sau biyu kafin ya bi hanyata.

A shekarar ne ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fid da kai ba, damina ta biyu ke nan a jere. Rumbuna suka ƙare da wuri. A ƙauyenmu na kusa da Ɗanbatta gonaki a matse suke, kunyar wannan tana taɓa ta wancan, wanda ya saki tasa ba ya sake samun ta. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yanke shawarar sakin tasa ya kwashi iyalinsa su yi kudu. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, shi da Inna, mahaifiyar tawa. Tun da ta ji labarin, tuwo ya daina wuce mata, sai ta taɓa loma biyu ta rufe kwano.

Ana cikin haka aka ji an buɗe wata gonar gwajin iri a hanyar Makoda, ana neman shugaban lebura wanda ya san ƙasa. Mai kula da gonar baƙo ne daga ƙasa mai nisa, ko sannu ba ya ji da Hausa. Saura sati uku a gwada masu neman aikin. A sanin ƙasa babu mai ja da Kawu a yankinmu, amma bai taɓa shiga aji ba.

Ni kuwa lokacin ina koyarwa a firamare. Sunan kakata, mahaifiyarsu, aka sa mini, don haka Kawu ba ya iya faɗar sunana, sai dai ya ce Uwata. Na kuwa mori wannan matsayi yadda ya kamata.

Ya zo da allonsa bayan la'asar, muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida. Kawu mahaddaci ne, yana ji da ƙwaƙwalwarsa.

"Uwata, ki faɗa mini duk abin da mutumin zai tambaya, da amsar kowanne. In rubuta da ajami, in haddace, shi ke nan."

"Kawu, ba haka ake yi ba. Ka san abin da ke bakinsa ne?"

"Ke dai ki faɗa. Wanda ya riƙe izu sittin ne maganar lebura za ta gagara?"

Faɗanmu na farko ke nan, kuma na bar shi ya ci. Na ba shi tambayoyi da amsoshi cike da allo. Kwana biyu ya haddace su tas, yana yi yana rangaji. Da na zo gwada shi na sauya jerin tambayoyin. Na tambaye shi abin da zai shuka, ya amsa mini da yawan 'ya'yansa, da ƙarfinsa kuwa. Da na fassara masa abin da ya faɗa, ya kife allon a ƙasa.

Washegari na bi gidajen maƙwabta na tattaro sakaina, duk wata fasasshiyar ƙwarya da aka yar. Na sa shi ya rubuta kalmar Turanci ɗaya a kan kowace, da ajaminsa. Na ja layi huɗu a ƙasa kamar kunyoyi. A na farko na zuba masu aikin: ni, kai, mu, ruwa, ƙasa. A na biyu ƙananan kalmomin da ke nuna zan yi, na iya, ina so, ba zan yi ba. A na uku aikin kansa: shuka, noma, zauna, nuna. A na huɗu abin da aka yi wa aikin, ko wurin. Na ce ya ɗauki ɗaya daga kowace kunya, a jere, ya faɗa.

Sai ga shi yana farawa daga dama, yadda ya saba karatu, maganar tana fitowa a juye. Ban tsaya gardama ba, na juya kunyoyin suka fara daga damansa.

Da haka na nuna masa cewa maganar yau da gobe a Turanci 'yan hanyoyi ne kaɗan, kalmomi ne kawai ake sauyawa a kansu. Wasu kalmomin kuma ba sa tafiya sai da abokan tafiyarsu, in ka ɗauki wannan dole ka ɗauki waccan. Ya gyaɗa kai ya ce ai haka gero da wake suke, kowa da wurinsa, kuma ba a fara sa wake. Daga nan ya fara jin daɗin abin.

Faɗa na biyu ya fi zafi. Abokansa na dawowa daga masallaci suka gan shi tsugune yana jera sakaina, ɗaya ya ce, "Malam, dara aka koma da tsufa?" Aka kwashe da dariya. Kawu ya miƙe ya sa ƙafa ya watsa sakainar, ya ce shi ba abin wasan yara ba ne. Raina ya ɓaci sosai. Ina tsince su ina cewa, "To madalla. Shiga ciki ka gaya wa yayarka da bakinka cewa dariyar mutum uku ce ta kore ka kudu." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Ya tafi bai waiwayo ba. Washegari na dawo daga makaranta na tarar da shi a gindin darbejiyar, ya ja layukansa huɗu yana jira.

Ranar gwajin ban je ba, shi ya ba mu labari. Masu neman aikin da yawa, wasu da takardar gama firamare a hannu. Baƙon bai zaunar da kowa ya yi tambaya ba. Ya kai su wani tudu mai rairayi a gefen gonar, ya riƙa miƙa wa kowa irin masara yana cewa ya nuna yadda zai shuka a nan. Kowa ya ce to, ya duƙa ya tona. Da aka zo kan Kawu ya damƙi ƙasar ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce ya san abin da ya kamata ya faɗa, amma babu shi a cikin abin da muka taɓa jerawa. Sai ya rufe ido ya hango kunyoyin nan huɗu, ya ɗauko ɗaya-ɗaya.

"I will not plant here. Water will not stay here. I can show you good land."

Wato ba zai shuka a nan ba, ruwa ba ya zama a nan, amma zai iya nuna masa ƙasa mai kyau. Baƙon ya dube shi, ya dubi sauran, ya ce su je ya gani. Kawu ya shige gaba har wani kwari mai baƙar ƙasa a ƙarshen gonar, mutumin yana biye da shi.

Bayan la'asar ya yi sallama ya shigo gidanmu, ƙafarsa duk ƙura. Inna tana bakin turmi, ta tsaya da taɓarya a hannu. Bai nufe ta ba. Ya zo gabana, dattijo da furfurarsa, ya tsuguna kamar yadda ake tsuguna wa uwa.

"Uwata, ɗanki ba zai tafi ba."

Na so in yi masa tsiyar allonsa, na ma shirya ta tun safe, amma kuka ya riga ni. Ranar Inna ta cinye tuwonta, har ta ce in duba ko akwai saura a tukunya.