Ruwan shan da ya kai mu Lamordé

Ina cikin nuna wa Inna karo ɗin, wato tayil, da aka shimfiɗa a falo, na waiga babu ita. Ashe ta fita tana buga ƙofofin maƙwabta.

Daga Damagaram ta zo taya mu zaɓen gidan haya, don matata Hadiza na da cikin fari. Gida biyu dillali ya samo: wannan sabo fil a unguwar Bobiel, da wani tsoho a unguwar Lamordé, ƙetaren kogi.

Ƙofa uku ta buga tana roƙon ruwan sha. Biyu shiru, ta ukun mai gadi ya miƙo ruwan leda ta saman ƙofa.

Da muka je Lamordé ta sake gwadawa. Wata tsohuwa Bazabarmiya ta shimfiɗa tabarma, ta kawo moɗa, ta dubi cikin Hadiza, ta tambaya da yatsu: wata nawa? Ba mai jin yaren wata, amma suka share rabin awa.

Na ce, "Inna, kullum fa sai na ƙetare gada zuwa aiki."

Ta ce, "Ranar da naƙuda ta tashi aiki ya kai ka garin Tawa, karo ne zai riƙe ta?"

Watanmu biyar a Lamordé yanzu. Tsohuwar nan ce ta yi wa ɗiyarmu wankan farko.

Ku fa, me kuka duba kafin ku tare?