Ruwan Rijiyar Bakin Fadama

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe a jami'a a Sakkwato, damina ta biyu ke nan a jere gero yana bushewa a tsaye a Tozai. Karatuna na ƙananan halittu ne, irin waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Aikin kammalawar da na zaɓa shi ne in gwada ko bagaruwa tana hana ƙwayoyin gudawa yaɗuwa, don da ita Inna ta rene mu. Cikin yaro na ɓaci za ta jiƙa ta ɗura masa.

Na je gida ɗibar bagaruwar da bazara. Rijiyoyin unguwarmu duk sun ƙafe, saura ɗaya a bakin fadama, wadda mata ke zama a gefenta suna jiran ruwa ya tsattsafo. In an jawo guga, sai ka ga kamar kunun kanwa.

Na tarar da yayata, wadda nake bi, ta dawo gidanmu da ɗiyarta, domin mijinta ya tafi ci-rani kudu bayan saniyarsu ta faɗi. Yarinyar ba ta wuce shekara huɗu ba, ga surutu. Ta bi ni gindin bagaruwa tana tsinto mini a ɗankwalinta, rabi bagaruwa rabi kashin awaki, tana cewa, "Kawu, ga maganinka." Tun lokacin cikinta ya fara gudu, amma tana wasanta. Yaya tana buɗe mata kafso ja da rawaya da aka sayo a kasuwar Isa, tana zazzagawa a koko.

Da zan koma, na cika kwalbar da na tafasa da ruwan rijiyar nan, na tafi da shi.

Aikin ɗakin gwaji ba ya son gaggawa. Sai an shuka ruwan a farantin gilashi mai abincin ƙwayoyin, wani abu kamar kunun da ya daskare. A jira su tsiro, a ware wadda ake nema, a sake shuka ta ita kaɗai. Sannan a ɗora 'yan guntayen takarda da aka jiƙa da magani, a sa a akwatin ɗumi a kwana. Idan maganin ya hana ta, za ka ga fili fes ya kewaye takardar, ba abin da ya tsiro a cikinsa.

Ran da na buɗe akwatin, takardar bagaruwa tana da ɗan filinta, siriri kamar zobe. Wani maganin da sai a asibiti ake samu ya share fili mai faɗi. Amma takardar maganin da ke cikin kafson nan, ƙwayoyin sun tsiro har jikinta, sun rufe ta.

Malamar da ke duba aikina ta ɗaga farantin ta fuskanci taga, ta daɗe tana kallo.

"Ruwan ina ne wannan?"

"Na garinmu ne, Malama."

"Sha ake yi?"

"Shi kaɗai ya rage."

Ta ajiye farantin. "Bar aikin nan ka tafi gida. Su tafasa ruwa. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Su daina dogara da kafson nan."

Washegari da safe na shiga motar Isa, daga nan na hau babur. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, dattawa zaune. Mai babur ma ya rage gudu da kansa. Baba ya kama hannuna ya ce jiya bayan azahar aka kai ɗiyar Yaya makwancinta.

Na sami Yaya a ɗakin Inna, ta jingina da bango. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ban yi niyyar faɗa mata abin da ya kawo ni ba, amma Inna ta tambaya, ga kuma sauran yaran gidan suna shan ruwan. Sai na faɗa.

Yaya ta ɗago. "Kafson ne ya kashe ta?"

"A'a, Yaya. Bai dai yi mata komai ba."

"Inna ta ce a jiƙa bagaruwa, ni na ce a bari, na kanti ya fi. Da na ba ta, da ta tashi?"

Na so in ce mata a'a, ta huta. Amma abin da na gani a gilashi na gan shi, ba a cikin yaro ba. Na ce, "Ban sani ba. Ruwan jikinta ne ya ƙare, kuma wa'adinta ya cika."

Ta ce, "Za ni ɗauki haƙuri," ta juya fuskarta bango.

Da na zo kan maganar tafasa ruwa, Inna ta ce, "Da mi? Wagga shekara ko kara ba mu samu ba." Gaskiyarta. Na je wurin liman, ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Mata suka koma tsintar busasshen kashin shanu suna hura wuta da shi, mai iyawa ta tafasa na yara kaɗai, manya su sha haka nan. An kai wasu yaran asibitin Isa a amalanke. Da yawa sun dawo da ƙafarsu. Ɗan maƙwabcinmu bai dawo ba.

Na koma Sakkwato na ƙarasa aikin. Ranar jarrabawa baƙon malamin da aka gayyato ya yaba, ya tambaye ni faɗin filin da ke kewaye da kowace takarda, na faɗa masa. Ya tambayi dalilin da ya sa na ɗebo ruwa daga nesa haka, na ce can ne gida.

Kafin damina ta faɗi mijin Yaya ya aiko, ta bi shi kudu. Can suka zauna. Ta haifi yara bayan nan, duka maza. Takan zo Tozai biki ko ta'aziyya, ta kwana biyu ta koma.