Inda Yaya Sale Yake Dafewa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, manomin rake a Dandamisa, kuma har yau ba na feɗe ragon layya ba tare da ya faɗo mini a rai ba.

Yaya ba mutum ne mai ƙorafi ba. In ya dawo daga gona sai ya dafe bayansa, daidai ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ya ce, "Nan ne, Audu." Ni kuwa in ce, "Yaya, tsufa ne ya yi sallama. Wa ya taɓa ɗaukar damin rake bai yi ciwon baya ba?" Ranar kasuwar Makarfi ni nake goya shi a babur zuwa wurin wanzami, a kafa masa ƙaho a wurin, a zubar da mataccen jini. Mu a saninmu ƙoda kayan ciki ce, tana gaba tare da hanji. Me zai kai ta baya?

Sai da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi Zariya. Likita ya juya shi, ya ga tabon ƙaho a jere. Sannan ya ce a nan ƙodoji suke kwance, dama da hagun ƙashin baya, haƙarƙari ya rufe samansu, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta na bisanta. Mun zo a makare. Ni da nake zura hannu kowace Sallah can jikin bayan rago in ciro ƙoda cikin kitsenta, ban taɓa kawo wa raina haka mutum yake ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni sanin yana hannuna. Wannan shi ke cina.

Da Yaya zai leƙo yau ya ga samari na haɗiyar maganin ciwon jiki kamar gyaɗa kafin su shiga gona, alhali yawan shansa na lalata ƙoda, zai ce an ci gaba? Ina jin kai kawai zai girgiza.

Daminar da ta wuce, ɗansa Habibu ya miƙe daga huɗa ya dafe wurin nan, sak ubansa. "Gajiya ce, Baffa," in ji shi. Ban yi masa wasa ba, na tayar da babur, sai asibiti. Tsakuwa aka gano a ƙodar, aka magance ta.

An raba gonar Yaya, rigunansa sun ƙare a jikinmu. Abin da ya rage shi ne wannan dafe baya. Ya daɗe yana nuna mana wurin, sai da ya tafi muka duba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini wasan nan.